Ranar da Mijin Ƙanwata Bai Tashi Ba

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Khartum gabas, Gadarif ta cika ta batse. Makarantar da nake koyarwa tana cikin na farko da aka buɗe wa masu gudun hijira, waɗanda a nan muke ce wa nazihin. Ajina ya koma ɗakin kwana, an ratsa labule a tsakiya, allon da nake rubutu a kai ana shanya kayan jarirai a jikinsa. Albashi ya tsaya cak. Ni kuwa ba na iya zaman jira, sai na sayi murhun gawayi da 'yan kofuna na kafa shayi a gindin darbejiyar da ke ƙofar kulob ɗin unguwarmu. Duk da haka ba a fasa ce min Malama ba, har Babana, wanda da ma ni ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kama sunana da bakinsa ba.

A gidan Baba nake zaune tun rasuwar mijina, don haka a idona ƙanwata ta iso da mijinta da yaransu. Mijin nan mai walda ne a unguwar masana'antu ta Bahri, a can Khartum. Bahaushe ne, amma a can aka haife shi, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Abin da ya fito da shi daga gidansu ya ba ni mamaki: ba bargo ba, ba tukunya ba, wai kwanon nan mai baƙin gilashi da masu walda ke rufe fuska da shi. Ƙanwata ta ce tun daga hanya take masa masifa a kai, ya ƙi yar da shi. Suna shiga ɗakin da muka gyara musu ya nemi ƙusa ya rataye shi.

Shi da Baba kusan ba su san juna ba. A Khartum aka yi auren, wajen gwaggonmu da ta riƙe ƙanwata, ƙanin Baba ne ya je ya ba da ita. To ranar da suka iso, bawan Allah nan a gajiye, ƙura har gira, ya doshi Baba a tsaye da takalmansa, ya dafa masa kafaɗa irin gaisuwar Larabawan nan, ya dube shi ido cikin ido. Tabɗi! Ni da ke riƙe da butar ruwa saura kaɗan ta suɓuce. A gidanmu suruki ba ya gaida uban matarsa a tsaye. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya mayar masa da magana ko da gaskiyarsa. Baba ya amsa gaisuwar lami lafiya, amma da yamma yana alwala na ji ya ce, "Mutanen Khartum ke nan. Ba su da mugunta, kunya ce dai ba a raba da su ba." Ƙanwata ma ta ji, kuma ta kai wa mijinta maganar yadda take.

Daga ranar sai mutumin nan ya zama abin da ko a ƙauye an daina gani. Tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, ko da damina ce, ya tako laka baƙa ƙirin ɗin nan ta Gadarif mai kama ƙafa ta ƙi saki. Da ya ji tarin Baba a zaure sai ya sulale ta ƙofar baya. A masallaci yakan bari sai Baba ya shiga sahun gaba, shi ya tsaya can ƙarshe. Abin haushin shi ne, iyakar yadda ya ƙware a kunyar, iyakar yadda Baba ya daina ganinsa, balle ya san yana yi. Sai Baba ya ce min, "Malama, kwana biyu ban ga baƙonmu ba, ko yawon gari ya samu?" In ce yana nan, Baba. Ya ce to madalla. Duk wata magana tsakaninsu ta bakina take bi.

Baba kuma yana da wata doka da ya gada tun daga kakanninmu da suka sauka a ƙasar nan a hanyar Makka: baƙo ba ya aiki a gidansa. Wata rana mijin ƙanwata ya ga ƙyauren gida ya saki, ya gyara shi tsaf. Baba ya dawo ya tura ƙyaure, ya ji bai yi kukan da ya saba ba, ya tambayi wanda ya taɓa. Da na faɗa masa sai ya ɓata rai. "Gaya masa ba mu rasa mai gyaran ƙofa ba. Ya huta, ai ya sha wahala." Na kai saƙo. Mutumin ya ce, "To, Yaya," ya koma ya zauna.

Hutun nan ne ya kusa kashe shi. Wata bayan wata yana zaune yana cin tuwon surukinsa, ina kallonsa yana zubewa kamar buhun da aka huda. Yakan zo gindin darbejiya ya karɓi mafici yana hura min gawayi, don dai hannunsa ya sami abin yi. Rannan ya buɗe tafukansa yana kallo ya ce, "Yaya, kin ga sun yi laushi? Kamar na amarya." Na yi dariya na ce ai sai mu sa maka lalle. Shi bai yi dariya ba. Ƙanwata ta ce kullum da safe sai ya sauko da kwanon waldan nan ya goge gilashin da gefen rigarsa ya mayar.

A lokacin kuwa ba a da wata magana a garin sai ta aiki. A raksha, keken nan mai ƙafa uku, ita ake yi, a layin burodi ita ake yi, a wajen shayina kuwa har kofi an taɓa fasa min a kanta. Mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa Allah ne ya kawo wa Gadarif masu sana'a har gida, a ba su fili su buɗe abin da suka iya, gari ya tashi. Har yaushe za mu dinga loda riɗinmu ɗanye a mota muna sayo man da aka matse daga gare shi? Wasu na cewa a'a, samarin unguwa sun fi shekara nawa suna zaman banza ba wanda ya kula, yanzu baƙi sun zo sun tsadar da haya, sun cika kasuwa, sai kuma a miƙa musu ɗan aikin da ya rage? Kowanne na ji yana magana sai in ga kamar shi ne mai gaskiya, har na gaba ya buɗe baki.

Ana cikin haka wani mutumin Bahri ya ɓullo. Ya samu ya fito da wasu injinansa, yana neman lajnar unguwa, wato kwamitinmu, ta ba shi kangon da ke bayan kasuwar hatsi ya buɗe warsha, wurin gyaran garmar tarakta da tireloli. Lajna ta ce ba za ta yanke ita kaɗai ba, a tara jama'a. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙarshen damina, ana gab da yankan riɗi.

Ranar na yi cinikin da ban taɓa yi ba. An fito da bencina da tabarmi har bakin murhuna, ina zuba shayi ina jin komai. Baba yana gaba cikin dattawa. Shekarunsa na ƙarfi duk a ƙofar kasuwar hatsi ya yi su yana gasa agashe, wato tsire, babu dillali ko direban da bai ci tsirensa ba, shi ya sa in ya yi magana ana ji. Mijin ƙanwata ya raɓe can baya, jikin katanga, inda Baba ba zai hango shi ba.

Shugaban lajna ya fara da farfaɗo da tattalin arziki, ya yi ta jan kalmomin rediyo har shayin mutane ya huce. Wani saurayi da ya gama jami'a yana tuƙa raksha ya karɓe lasifika ya ce ba su yarda a ba da kangon ba sai in 'ya'yan unguwa kaɗai za a ɗauka. Aka yi tafi. Wani daga cikin nazihin ya ce shin su ba 'yan ƙasa ba ne, ko da izininsu aka jefa bam a gidajensu? Aka sake yin tafi, har da waɗanda suka yi na farko. Wani babban manomi mai gonaki a Gadambaliya ya gyara rawani ya ce shi duk wannan surutu bai gane masa ba. Ga riɗi can ya nuna yana shirin fashewa ya zube ƙasa, yana neman masu yanka ido rufe, motarsa kullum da asuba tana tasha, amma kowa so yake a ba shi kujera da fanka. Samari suka yi masa ihu. Wani ya ce ya tura 'ya'yansa da ke Masar su yanka.

Sai Baba ya ɗaga sanda aka miƙa masa lasifika. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san abu ɗaya. "Waɗanda suka sauka a gidajenmu baƙi ne, ba 'yan neman aiki ba. Ni baƙon da ke gidana yana nan a matsayin baƙo har Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan ya koma ɗakinsa. Ban gaji ba, ban kuma gaza ba. Duk ranar da aka ga baƙona ya fita neman abin da zai ci, a ce ni ne na kasa."

Wallahi ruwan zafi ya zubo min a yatsa ban ji ba. Na ɗaga kai na dubi jikin katanga. Mijin ƙanwata ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji.

Baba na zama mai warsha ya miƙe. Ya ce ya ji kowa, kuma ya yarda: masu ɗaukar kaya, masu koyo, mai gadi, duk daga unguwa zai ɗauka. Amma akwai aiki ɗaya da ba a koyonsa a wata guda. Yana bukatar gwanin walda wanda ya saba da ƙarfe mai kauri, irin na manyan motoci. "Ɗan unguwa ne ko baƙo, ban ware ba, kuma a gabanku nake tambaya don kada gobe a ce na yi a ɓoye. In akwai shi a nan kuma ba shi da aiki, ya tashi tsaye. Gobe ya fara."

Ba wanda ya tashi. Na san babu irin wannan gwani a unguwarmu kaf sai mutum ɗaya, kuma ga shi can a jikin katanga. Na zuba masa ido. Na yi gyaran murya. Na buga cokali a jikin kofi kamar mahaukaciya. A zuciyata ina ta cewa tashi, kai bawan Allah tashi mana! Na ga ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, har duwawunsa ya ɗan ɗaga, sai ya kalli ƙeyar Baba. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

Mai warsha ya maimaita tambayar, yana waige-waige kamar wanda aka yi wa alkawari. Can wani mutumin garin Shuwak da ke haɗa gadajen ƙarfe ya miƙe yana sosa kai, ya ce shi dai yana ɗan taɓawa. Jama'a suka ɗauki tafi, shugaban lajna ya ce a yi fatiha. Na ɗaga hannu tare da kowa, amma ban san me na karanta ba.

Da safe ƙanwata ta shigo ɗakina ba ko ɗankwali. Mijinta ya tafi. Bayan sallar asuba ya ce mata shi ba zai iya tashi ya ƙaryata Baba a gaban mutane ba, ba zai kuma iya ƙara cin loma ɗaya a zaune ba. Ya bi motar manomin nan zuwa Gadambaliya, inda ba wanda ya san shi balle a ce baƙon wane ne. Mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa riƙe lauje ba! Yankan riɗi kuwa ba wasa ba ne, a sunkuye ake yinsa da gudu tun kafin rana ta yi zafi, hannu ɗaya na damƙar kara ɗaya na sara, waɗanda suka tashi a ciki ma suna dawowa da tabo.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na same shi a zaure yana shan kunu, ko durƙusawa ban yi ba. Na ce, "Baba, ka kyauta ke nan? Mutum yana narkewa a gidanka, aiki ya zo har gabansa, ka tashi ka ɗaure masa ƙafa a bainar jama'a. To ga shi nan ya tafi yankan riɗi, sai ka ji daɗi!"

Baba ya ajiye ludayi. "Ya tafi ina?"

Na maimaita. Ya ture kwanon kunun gefe.

"Malama," ya ce, "wa kike tsammani ya sa mai warsha ya yi tambayar nan?"

Ashe Baba yana gani. Ashe tun ranar ƙyauren nan ya tsaya ya duba aikin ya san hannun gwani ne. Da ƙafarsa ya taka har masaukin mai warsha, tsoho da shi, ya roƙe shi. Mutumin ya ce in ya ɗauki baƙo a ɓoye samari za su hana shi kangon. Sai suka shirya ya yi tambayar a fili, tunda sun san mutum ɗaya ne zai iya tashi, ba mai bakin magana.

Na ce, "To jawabin fa? Me ya kawo jawabin?"

"Don kada a ce ni na kitsa. Don kada a ce na gaji da ciyar da mijin 'yata na tura shi kasuwa. Na ce in na faɗi haka na fita kunyar mutane, shi kuma ya tashi abinsa, kowa ya ce ai ɗan Khartum ne." Ya dube ni kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. "Na ɗauka zai tashi. Mutumin da ya dafa min kafaɗa? Ina zaune ina jira in ji motsinsa a bayana."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zame na zauna a ƙasa. Na ce Baba, mutumin nan tun ranar da ka ce ba a raba kunya da mutanen Khartum ba yake taka laka ba takalmi saboda kai. Yana jin tarinka yake gudu. Ya ce bai sani ba, ina zai sani, ba ya ganinsa. Na ce to ni da nake kai muku saƙo, me ya hana ka gaya min? Ya ce, "Ke? Da kafin magariba masu shan shayi sun ji." Da a wata rana ce da na yi dariya, don gaskiya ya faɗa.

Baba bai zauna ba. Ya sake komawa wajen mai warsha. Mutumin ya ce ba zai kori na Shuwak ba, an ɗauke shi a gaban jama'a, amma da an gama kaka taraktoci za su shigo gyara rututu, zai bukaci gwani na gaske, ya zo kawai. Baba ya dawo da fara'a ya kira ni. "Wannan karon ki gaya masa da baki, dalla-dalla. Ki ce ni na ce ya je. Ki ce in bai je ba ne ya saɓa min." Muka yi ta neman wayarsa ba ta shiga, can cikin gonaki babu layi. Muka ba direban motar leburori sallahu, ya ce sansanonin da yawa, amma zai duba. Ƙanwata ta sauko da kwanon waldan ta wanke shi da sabulu. Ni kuwa kullum ina juya saƙon a bakina, ina shirya yadda zan tsokane shi in ce amarya, lalle ya ƙare, a koma wuta.

Bai kai ƙarshen kaka ba ya dawo. Da hantsi ne, ina shirin fita da murhu, Baba yana kan buzunsa a tsakar gida. Na ji an turo ƙyauren nan da ba ya kuka. Ya rame ya yi baƙi, hannunsa na dama a naɗe da farin ƙyalle har wuyan hannu, an rataye masa shi a wuya. Na yar da murhun na nufe shi.

"Lauje ne, Yaya," ya ce a hankali. "Na canza hannu don na hagu ya gaji da riƙon kara. An ɗinke a asibiti. Likita ya ce jijiyoyin yatsun sun tsinke, wai ba za su ƙara damƙar abu ba."

Saƙon yana nan a kan harshena. Ƙanwata ta fito daga ɗaki, ta ga ƙyallen, ta toshe bakinta da mayafi.

Sai ya hango Baba. A da da ya juya ya bi ƙofar baya, amma ba hanya. Ya sunkuya yana kokawa da igiyar takalmi da hannun hagu, ya samu ya cire, ya durƙusa tun daga bakin ƙyaure, kansa a ƙasa. "Baba, barka da hantsi. Na fita ban yi sallama ba, a gafarce ni."

Baba ya dafa bango ya miƙe. Sandarsa ta faɗi bai waiwaye ta ba. Ya tako tsakar gidan ba takalmi, ya zo ya tsaya a kan mijin 'yarsa. Ya miƙa hannu ya dafa masa kafaɗa.

Mutumin ya firgita, ya ƙara dunƙulewa ƙasa. "Baba, ka zauna. Don Allah ka zauna, ba kyau ka tsaya saboda ni."

Baba bai zauna ba. Yana nan tsaye, hawaye na bin gemunsa, har gawayin da na zubar ya mutu a ƙasa.